Girin kad ta hanyar zuba jari bayan wa'adin zama ya wuce: wace hanya ta fi maka?

Kwanakin baya wani Alhaji, abokin mahaifina tun suna zama a Kantin Kwari, ya kira ni daga New York. Jinyar matarsa ce ta kai shi da bizar ziyara, jinya ta yi tsawo, shi kuma bai lura da kwanaki ba. Wani ɗan kamasho ya tabbatar masa cewa idan ya zuba dala 800,000 a shirin EB-5, mai ba masu zuba jari girin kad (katin zama na dindindin a Amurka), kuɗin zai wanke komai. Har ya sa a nemo masa masu sayen filayensa biyu.

Na ce, "Baba, kafin maganar fili, a duba min takardar I-94, a karanto min ranar da aka rubuta."

Ya ce, "Kai ɗan nan, ai bizata ta shekara biyar ce."

Na ce ba biza nake nufi ba, ranka ya daɗe. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai. Ranar da jami'in filin jirgi ya sa a I-94 ita ce wa'adin zama, kuma daga washegarinta ake fara ƙidaya. Da jikansa ya buɗe masa a intanet, sai ga shi ya zarce da wata huɗu da 'yan kwanaki. Wannan adadin, ba kuɗin filayen ba, shi ne ya yanke wace hanya ta rage masa.

Shirin kansa a taƙaice

An kafa EB-5 a 1990, aka yi masa gyaran fuska a watan Maris na 2022. Jari dala 1,050,000 ne, ko 800,000 idan aikin yana karkara, ko yankin da rashin aikin yi ya yi yawa, ko aikin gine-ginen gwamnati. A canjin 2025, ƙaramin cikinsu ma ya haura naira biliyan ɗaya. Dole jarin ya samar da cikakkun ayyuka 10 ga ma'aikatan Amurka, kuma dole ya kasance ana iya yin asararsa; wanda ya ce maka ya ba da tabbacin dawowar kuɗi ya riga ya saɓa ƙa'idar shirin. Mafi yawan mutane ta hannun cibiyoyin yanki suke bi, wato kamfanonin da gwamnati ta amince su tara jarin mutane da yawa a aiki ɗaya, da fom I-526E. Katin farko na sharaɗi ne, shekara biyu, sannan a cika I-829 cikin kwana 90 na ƙarshe don a cire sharaɗin. Bayan shekara biyar daga ranar katin farko ana iya neman zama ɗan ƙasa.

Duk wannan bai taɓa batun zarce wa'adi ba. Amincewa da I-526E tana nufin jarinka ya cika ƙa'ida ne kawai. Ko kai kanka ka cancanci shiga, wannan tambaya ce daban, a teburi daban.

Ma'aunan da zan auna kowace hanya da su

Na farko, yawan kwanaki. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba bisa izini ba fiye da kwana 180 amma ƙasa da shekara, ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3. Wanda ya cika shekara ko fiye, shekara 10. Misali, idan I-94 ta ƙare ranar 10 ga Janairu a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, kwana na 180 ya faɗa ranar 9 ga Yuli. Kwanakin da mutum bai kai shekara 18 ba ba sa shiga lissafi. Haka kwanakin da takardar neman mafaka ta gaskiya ke jiran hukunci, muddin bai yi aiki ba izini ba. Ɗalibin da aka rubuta wa D/S (wato ya zauna muddin yana karatunsa) maimakon rana lissafinsa daban ne, domin bisa al'ada ba a fara ƙidaya masa sai hukuma ko alƙali ya yanke cewa ya saɓa.

Na biyu, kana ciki ko ka fita. Haramcin ba ya hawa kan mutum sai ranar da ya bar ƙasar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. A nan tsallen shi ne tikitin jirgi.

Na uku, ta ina ka shiga: da biza ta filin jirgi, ko ta iyaka ba tare da an tantance ka ba. Na huɗu, wa kake da shi a can ɗan ƙasa ko mai girin kad, kuma meye dangantakarku. Sai kuɗi, lokaci, da girman asara idan aka ƙi.

Akwai kuma ma'aunin da ya shafi fasfonmu. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga. A Disamban 2025 ta ƙara Nijar a jerin hani gaba ɗaya, ta sa Najeriya a jerin hani na wani ɓangare, wanda ya haɗa da bizar zama, daga 1 ga Janairun 2026. A Janairun 2026 ɗin kuma ma'aikatar harkokin waje ta dakatar da ba da bizar zama ga ƙasashe 75, har da Najeriya da Ghana da Kamaru. Irin wannan umarni yana zuwa yana tafiya: wanda aka sa wa Najeriya a Janairun 2020 an ɗage shi a Janairun 2021. Amma muddin yana aiki, duk hanyar da ta bi ta ofishin jakadanci tana da ƙarin jira a kan wanda zan lissafa.

Hanya ta ɗaya: sauya matsayi daga ciki, ba tare da fita ba

Wannan ce mafi daɗi, kuma ƙofarta ce mafi ƙunci. Kafin 2022, mai zuba jarin da ya ɓata matsayinsa ko da kwana kaɗan ba ya iya neman kati daga cikin Amurka. Gyaran 2022 ya shigar da EB-5 ƙarƙashin sashe na 245(k), wanda ke yafe saɓani har kwana 180 tun daga shigarka ta ƙarshe bisa ƙa'ida. Gyaran ya kuma ba da dama a tura I-485, fom ɗin neman kati, tare da I-526E a rana ɗaya idan akwai gurbin biza. Ƙasashenmu ba sa cikin masu dogon layi irin na Sin da Indiya, saboda haka gurbi bai cika zama matsala gare mu ba.

Sai dai a kula da irin ƙidayar 245(k). Ba zarce wa'adi kaɗai take lissafawa ba: duk ranar da ka yi aiki ba izini ko ka saɓa sharaɗin biza tana shiga, a haɗa su wuri ɗaya. Mai bizar ziyarar da ya yi wata bakwai yana tuƙin tasi, ko da an tsawaita masa zama, ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Kuma I-526E kaɗai ba ya tsayar da agogo, I-485 ne ke tsayar da ƙidayar zama. Aiki ba izini kuwa yana ci gaba da ƙirguwa har bayan an tura fom, sai ranar da takardar izinin aiki ta fito.

Kuɗi: jari, da kuɗin hidimar cibiya wanda sau da yawa kan kai dala 50,000 ko fiye, da ladan lauya, da dala 1,440 na I-485 ga kowane babba. Kuɗin I-526E ya sha canji: a Afrilun 2024 an ɗaga shi daga dala 3,675 zuwa 11,160, kotu ta dakatar da ƙarin a ƙarshen 2025. Akwai kuma dala 1,000 na asusun sa ido.

Lokaci: izinin aiki da na tafiya kan fito cikin watanni. Doka ta ware kashi 20 cikin 100 na bizar shirin ga ayyukan karkara, ta kuma ce a fara duba takardunsu, shi ya sa aka sha ganin masu aikin karkara sun sami amincewa cikin ƙasa da shekara, katin sharaɗi kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Yankin rashin aikin yi, mai kashi 10, ya fi jinkiri. Sai dai a ƙarshen 2025 USCIS, hukumar da ke duba takardun shige da fice a Amurka, ta tsayar da yanke hukunci kan takardun 'yan ƙasashen da ke jerin hani, don haka muddin wannan yana aiki ka sa rai da jira fiye da haka. Bambancin shi ne jiran kana ciki kake yinsa, ba a ƙidaya maka kwanaki.

Abin da ke kayar da mutanenmu a wannan hanya ba kuɗi ba ne, takardun kuɗin ne. USCIS tana son ta bi sawun kowace dala: a ina aka samo ta, ta wane asusu ta bi. Alhajin da na ambata shekara talatin yana cinikin atamfa, amma shaidarsa babban littafi ne mai bangon kwali da yaronsa ke rubutawa da biro. Fili ɗaya da takardar mai unguwa ya saye shi. Dalar da yake turawa kuwa ta hannun ɗan canji ce: ya zuba naira a asusun mutum uku da bai sani ba, wani a Dubai ya tura dala. A kasuwa wannan amana ce, a wurin jami'in USCIS kuwa giɓi ne. Haɗa takardun haraji, bayanan banki na shekaru, da shaidar sayar da kadara yana cin wata biyu zuwa uku ga wanda ya shirya. Shi kwana hamsin da ɗoriya suka rage masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haɗari: idan aka ƙi I-526E, I-485 ta faɗi tare da shi, ka koma marar matsayi, kuma ana iya tura ka gaban alƙalin shige da fice.

Hanya ta biyu: ka fita kafin kwana 180, ka nema daga gida

Wanda ya bar Amurka kafin ya haura kwana 180 babu haramcin shekara 3 ko 10 a kansa. Tsohuwar bizarsa ta mutu, ko da saura shekara huɗu a jikinta, domin zarce wa'adi na kashe ta. Sabuwar bizar ziyara za ta yi wuyar samu. Amma bizar zama ba ta buƙatar ka nuna za ka koma gida, don haka tarihin bai hana EB-5 ba.

Kuɗi kusan ɗaya ne da hanya ta farko, ban da I-485. Lokaci ya fi tsawo: jiran I-526E, sai cibiyar tattara takardun biza, sai jiran ranar ganawa, wadda ga 'yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yi. Ko a lokacin da babu hani, shekara biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Amfaninta shi ne kana gida, kasuwancinka na tafiya, ka haɗa takardu a natse. Illarta kuwa kuɗinka na can kai kana nan, ranar tafiyarka kuma a hannun siyasa take.

Hanya ta uku: neman afuwa

Idan ka haura kwana 180, 245(k) ta wuce ka. Dole ka fita ka yi ganawa a ofishin jakadanci, fitar kuma ita ce ke ɗora haramci. Mafitar ita ce afuwa, kuma sharaɗinta ɗaya ne: ka nuna cewa mijinki ko matarka, ko mahaifi ko mahaifiya, ɗan ƙasa ko mai girin kad, zai shiga matsanancin ƙunci idan aka hana ka. 'Ya'ya ba sa cikin lissafi. Na sha jin mutum yana cewa ai yarana uku a can aka haife su. Halin da yaran za su shiga yana iya ƙara nauyin ƙuncin uwarsu, amma su kaɗai ba sa buɗe ƙofar. Yawan jarinka da ayyukan da zai samar ba sa maye gurbin wannan sharaɗi.

Fom biyu ne. I-601A, dala 795, ana nema kana cikin Amurka kafin ka fita. Tun Agustan 2016 aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu neman kati ta hanyar aiki da jari. Sai an amince da I-526E ka biya kuɗin biza kafin ka tura shi, kuma zaman da ya wuce kaɗai yake yafewa. I-601, dala 1,050, ana nema daga waje bayan jami'in biza ya ƙi ka. Matsalar lokaci ita ce jere suke, ba tare ba: jiran I-526E, sannan jiran afuwa, wanda a wajen 2023 ya haura shekara uku, sannan ganawa. Shekara huɗu zuwa shida lissafi ne na hankali. Duk tsawon jiran I-601A ba ka da izinin aiki, kuma babu abin da ya hana a kama ka.

Ga wani abin da ɗan kamasho ba zai gaya maka ba. Idan wanda zai tsaya maka matarka ce 'yar ƙasa, kuma da biza ka shiga, ba ka buƙatar EB-5 sam, duba hanya ta biyar. Haɗa jari da afuwa yana da ma'ana ne ga wanda danginsa iyaye ne, inda layin 'ya'ya manya ke cin shekaru masu yawa, ko wanda ya shiga ta iyaka. Akwai kuma dabarar da lauyoyi ke bi: idan ɗaya daga cikin ma'aurata tarihinsa tsaf yake, shi ya zama mai jarin. Da zarar ya karɓi kati, ko na sharaɗi ne, ya zama wanda za a iya neman afuwa ta kansa. Mai iyali da yawa ya sani cewa mace ɗaya dokar Amurka ta sani, uwargida.

Hanya ta huɗu: ka jira wa'adin haramci ya cika

Wanda ya riga ya dawo gida da haramci a kansa, kuma ba shi da dangin da za su tsaya masa, jira ne kawai. Ana ƙidaya daga ranar fita. Da shekara 3 ko 10 sun cika, babu afuwar da ake buƙata.

Tambayar ita ce yaushe za a zuba jarin, domin ana iya tura I-526E tun haramci bai ƙare ba. Abubuwa biyu na tura mutum ya yi sauri. Izinin cibiyoyin yanki zai ƙare ranar 30 ga Satumban 2027 idan majalisa ba ta sabunta ba, doka kuma ta kare takardun da aka tura zuwa 30 ga Satumban 2026 kawai. Sannan adadin jarin zai ƙaru bisa hauhawar farashi daga 1 ga Janairun 2027. A ganina, wanda saura masa shekara biyu ko uku ya tura, jiran biyu su tafi tare. Wanda saura masa bakwai ko takwas, ban ga dalilin kulle naira biliyan guda a ginin otal ko gidajen haya da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. (Mai gudun riba ya tambaya tun farko: yawancin cibiyoyin bashi suke ba mai gini da ruwa, kaɗan ne ke shiga a matsayin hannun jari.) A kula da shekarun yara ma. Wanda ya kai 21 ya fita daga takardar iyaye. Doka tana cire masa daga shekarunsa lokacin da I-526E ya yi yana jiran hukunci, amma ba ta cire shekarun haramcin uba.

Kada a yi gangancin komawa ta ɓarauniyar hanya. Wanda zamansa ba izini ya haura shekara, ya fita, ya sake shiga ta iyaka, haramcinsa na dindindin ne. Sai ya yi shekara 10 a waje kafin ma ya nemi izinin sake nema da fom I-212. Haka ƙarya a fom ko a ganawa: ɓoye tsohon zama laifi ne daban wanda ba ya ƙarewa da shekaru.

Hanya ta biyar: a bar jarin gaba ɗaya

Miji ko matar ɗan ƙasa, da iyayen ɗan ƙasar da ya kai shekara 21, idan da biza suka shiga, suna iya neman kati daga ciki ko shekara nawa suka zarce. Kuɗin fom-fom 'yan dubban daloli ne. Auren bogi kuwa, idan aka gano, yana toshe duk wata takarda nan gaba, har da EB-5. Akwai kuma tsofaffin zama: wanda aka taɓa tura masa takardar dangi ko ta aiki zuwa 30 ga Afrilun 2001 yana iya shiga ƙarƙashin sashe na 245(i), ya biya tarar dala 1,000 ya sauya matsayi daga ciki, ko ta EB-5 ko ta wata hanya. Idan bayan 14 ga Janairun 1998 aka tura takardar, sai ya nuna yana Amurka ranar 21 ga Disamban 2000.

Katin zinare da aka ƙaddamar a 2025 kyautar dala miliyan ɗaya ce ga gwamnati, ba ta dawowa, kuma bai ɗage haramcin nan ba. Bizar E-2, ta masu zuba jari daga ƙasashen da ke da yarjejeniya da Amurka, ba girin kad ba ce. Kamaru na da yarjejeniyarta, Najeriya da Nijar da Ghana ba su da ita.

| Hanya | Sharaɗi | Kuɗi | Lokaci zuwa katin farko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sauya matsayi daga ciki | Shiga da biza, saɓani bai wuce kwana 180 ba | Jari, cibiya, lauya, I-485 | Shekara 1 zuwa 2 a aikin karkara, in ba a tsayar da fayil ba | In an ƙi, kana iya fuskantar kora |
| Fita kafin kwana 180 | Babu haramci | Jari, cibiya, lauya | Shekara 2 zuwa 3, da ƙarin jiran hani | Kuɗi na can, kai kana nan |
| Afuwa | Miji, mata ko iyaye masu takarda | Jari da dala 795 ko 1,050, lauya mai tsada | Shekara 4 zuwa 6 | Ana iya ƙi, babu izinin aiki |
| Jiran haramci | Kana waje | Jari, a lokacin da ka zaɓa | Ragowar shekara 3 ko 10 | Sauyin doka, yara su girma |
| Dangi ko 245(i) | Dangantaka ta gaskiya ko tsohuwar takarda | Mafi araha | Galibi shekara 1 zuwa 2 | Kaɗan, in babu ƙarya |

Wa ya kamata ya bi wacce

Idan kana ciki, ba ka kai kwana 180 ba, ba ka yi aiki ba, kuma takardun kuɗinka a shirye suke, hanya ta ɗaya ce, aikin karkara, yau ka nemi lauyan shige da fice wanda kai kake biyansa, ba na cibiyar ba. Idan kwanakin sun yi saura amma takardu ba za su haɗu ba, ka fita kafin wa'adi. Alhaji wannan ya zaɓa: ya dawo a kwana na 161, ya bar Hajiya da ɗiyarsu wadda 'yar ƙasa ce mai shekara 26, ita ta cika wa uwar fom a hanya ta biyar. Shi ma ɗiyar ce za ta cika masa fom, sai dai daga gida zai nema, filayensa kuma suna nan.

Idan ka haura kwana 180 kana ciki, kada ka sayi tikiti, ko na jana'iza ne, sai lauya ya duba ko kana da wanda zai tsaya maka ko tsohuwar takarda da aka tura zuwa 30 ga Afrilun 2001. Idan babu ko ɗaya amma ba ka cika shekara ba, fita yanzu shekara 3 ce, bayan ranar kuma 10. Idan ka daɗe da cika shekara, ba miji, ba mata, ba iyaye masu takarda, EB-5 ba zai ba ka kati daga ciki ba. Ka riƙe kuɗinka. Idan kuma kana gida da haramci, ka nemo hatimin fitarka ko tsohon tikiti, ka lissafa ranar da zai ƙare, ka ja baya da shekara biyu, a nan za ka fara maganar jari.